Takardun Sony Labou Tansi: Abin da ke cikin Kaye da Abin da Ya Kai Maɗaba'a

Manufar wannan maƙala ita ce duba takardun da marubucin ƙasar Kwango, Sony Labou Tansi, ya bari bayan rasuwarsa, da irin aikin da manazarta suka yi a kansu tun daga 1995, domin a ga tambayar da suke ɗora wa mai nazarin harshe. Tambayar kuwa ba ta da tsawo. In rubutu guda ya zo da fuska uku, ɗaya a kayen marubuci, ɗaya a keken rubutu, ɗaya a bugaggen littafi, wacce za a kira maganar mai ita? Wanda aikinsa shi ne tsara ƙa'idojin rubutu, ko shirya littattafan yaƙi da jahilci, yana iya ganin zancen ya yi masa nisa, tun da yake da Faransanci mutumin ya yi rubutu, kuma tsakanin Barazabil da Yamai tafiya ce miƙaƙƙiya. Amma fa hannun da ya shiga tsakanin Sony da masu karatunsa, watau hannun mai gyara, shi ne hannun da ma'aikatan harshe ke aiki da shi kullum.

An haifi Marcel Ntsoni, wanda ya ɗauki sunan alƙalami Sony Labou Tansi, a 1947, a Kwangon da ke hannun Baljiyam a lokacin. Da harshen Kikongo ya fara karatun boko. Sai da ya kai wajen shekara 12, bayan an ƙetare da shi kogi zuwa Kwangon Faransa, sa'an nan ya gamu da Faransanci a lakwal. Ya zama malamin makaranta, ya koyar da Ingilishi da Faransanci a Kindamba, daga baya a Pointe-Noire. Maɗaba'ar Seuil ta birnin Faris ta buga masa ƙagaggun labarai 6, na farkonsu La Vie et demie (Rai da Rabi) a 1979, na ƙarshe kuma a 1995, bayan ya riga mu gidan gaskiya. A 1979 ɗin ne kuma ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Rocado Zulu a Barazabil, wadda ta riƙa kai wasanninsa bikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a garin Limoj tun daga tsakiyar shekarun 1980. Ya rasu ran 14 ga Yuni 1995, kwana 3 bayan matarsa, bai cika shekara 50 ba.

Yadda yake rubutu

Sony da hannu yake rubutu, a cikin kaye irin na ƴan lakwal. Abin da waɗanda suka yi nazarin kayayyakin nan suka fi nanatawa shi ne ƙarancin kankara a cikinsu. Marubuta da dama, in jimla ba ta yi musu ba, sai su ja mata layi, su rubuta wata a bisanta ko a gefen shafi, har takardar ta koma kamar gonar da aka yi wa noma uku. Mai nazari yakan ji daɗin irin wannan shafi, gama tarihin jimlar duka yana gabansa: ga abin da aka fara cewa, ga abin da aka soke, ga abin da aka tsaya a kai. Sony ba haka yake yi ba. In tafiyar ba ta gamshe shi ba, sai ya ɗauki sabon kaye, ya koma tun daga farko, labarin ya sake fitowa da wasu kalmomi, wani lokaci da wasu sunaye da wani take. Sau da yawa kuma yakan shirya kayen tamkar littafin da ya riga ya fito, da shafin take, da sadaukarwa, da ƴar gabatarwa.

Wannan ɗabi'a tana da sakamako babba ga mai ajiya da mai nazari. Kowane kaye, in aka ɗauke shi shi kaɗai, kamar gamammen aiki yake. Ba abin da ke jikinsa da zai ce wannan gwaji ne, wancan shi ne na ƙarshe. Sai an jera su, an karanta su kafaɗa da kafaɗa, sa'an nan ake gane cewa zubi ne dabam-dabam na abu guda. Daɗin daɗawa, mutum ne mai sakin hannu da rubutunsa. Yakan aika wa abokai, yakan ba wanda zai buga masa a keken rubutu, yakan tura wa gasar wasan kwaikwayo ta ƙasashen Afirka da gidan rediyon Faransa ke shiryawa, inda sunansa ya fara fitowa a farkon shekarun 1970. Saboda haka ranar da ya rasu takardunsa ba a ɗaki guda suke ba: wasu a Barazabil, wasu a hannun abokai a Faransa. Waɗanda ke Barazabil kuwa, ban da laima da gara, abokan gabar takarda na kullum a wannan yanki, sai ga yaƙin basasa a 1997, da wanda ya biyo baya a ƙarshen 1998, wanda ya fi tsanani a unguwannin kudancin birnin, har da Makelekele, unguwar da ta zaɓe shi ɗan majalisa a 1992. A wannan karon warwatsuwar takardun ta zama rufin asiri, gama da kwando guda aka zuba ƙwan duka, da labarin ya sha bamban.

Daga nan aikin tattarawa ya soma. A 1997 maɗaba'ar Revue Noire ta fitar da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen da ba a taɓa bugawa ba. A 2005 ta fitar da kundi mai juzu'i 3 a ƙarƙashin kulawar Nicolas Martin-Granel da Greta Rodriguez-Antoniotti: juzu'i na farko wasiƙun da ya rubuta wa José Pivin da Françoise Ligier, ma'aikatan rediyo biyu da suka tallafe shi tun yana malamin ƙauye, na biyu waƙoƙi, na uku kuma ƙagaggen labari guda, wanda a kansa ne ya kamata a daɗe.

Littafi guda, suna biyu

A 1981 Seuil ta buga littafin Sony na biyu da sunan L'État honteux. Kalmar farko ta taken tana ɗauke da ma'ana biyu a Faransanci, ƙasa da kuma hali, don haka ana iya fassara shi da Ƙasar Abin Kunya ko Halin Abin Kunya. Labarin wani shugaba ne mai mulkin kama-karya, Martillimi Lopez, wanda ke da gwaiwa, kuma ya mai da gwaiwar tasa abin taƙama, da ita yake rantsuwa, da ita yake mulki. Shekara 24 masu karatu da masu sharhi suna ɗaukar wannan littafi a matsayin abin da Sony ya rubuta, an yi kundayen digiri a kansa, an auna salonsa. Sai juzu'i na uku na kundin 2005 ya fito da zubin da ya gabaci na 1981, mai suna Machin la Hernie, wanda Bahaushe zai ce Wane Mai Gwaiwa. Wannan zubi ya fi wanda aka sani tsawo nesa ba kusa ba. Ashe tsakanin teburin marubuci da injin maɗaba'a an rage matanin ƙwarai, an kuma canja masa suna.

Canjin sunan kansa ya isa abin nazari. Taken farko na bakin kasuwa ne, na ba'a, yana nuna jikin mutum ƙiri-ƙiri, ya ma ƙi kiran shugaban da sunansa. Na biyu kuwa na ɗakin karatu ne, yana da wasan kalma irin wanda ɗan boko zai yaba. Tun daga bango an sauya wa littafin murya.

A ciki kuwa al'amarin ya fi haka nauyi, domin ƙarfin wannan labari duka a numfashinsa yake. Jimlolinsa dogaye ne, aya ba ta cika zuwa ba, magana tana zuba kamar ruwan kwazazzabo. Mai ba da labari yana cikin cewa shugaba ya yi kaza, sai a ji bakin shugaban ya karɓe zancen yana cewa na yi kaza, ba alamar zance, ba sakin layi, sa'an nan maganar ta koma bakin wani dabam. Ga mai nazarin harshe wannan sauyin wakilin suna, daga mutum na uku zuwa na farko a tsakiyar jimla guda, shi ne ginshiƙin aikin: da nahawu marubucin ya nuna mulkin da ke haɗiye bakin kowa. Maimaici kuma, wanda mai gyara yakan fara kai wa almakashi, a nan shi ne ma'anar. Azzalumin shugaba mai surutu ba ya gajiya, masu sauraronsa ne ke gajiya, kuma so ake mai karatu ya ɗanɗani wannan gajiyar. In an rage tsawon, an rage wa mai karatu wahala, amma an rage wa shugaban zalunci. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da ɗan wasan Kwango Dieudonné Niangouna ya ɗauki zubin farko, ba na 1981 ba, ya hau dandali da shi, tare da Jean-Paul Delore a matsayin mai tsara wasa. Matanin da ya yi wa shafi yawa bai yi wa baki yawa ba.

Duk da haka akwai gaggawar da ya kamata a guje mata. Wasu, da ganin zubin 2005, sai su yanke hukunci cewa ga littafin gaskiya, na 1981 kuwa gurgu ne. Wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba. Littafin 1981 ya fito da sunan Sony yana raye, ya kuma ci gaba da kai wa maɗaba'ar nan littattafai har guda 4 bayansa. Shi ne kuma matanin da ya yi aiki a duniya, shi aka karanta, shi aka yi gardama a kansa. Zubin 2005 kuwa mai shi ba ya nan aka buga shi, wasu ne suka zaɓe shi, suka shirya shi, kuma su ma masu gyara ne ko da sun fi na farko tsantseni. Ban da haka, mutumin da ɗabi'arsa ita ce sake zubi duk lokacin da ya koma kan labari, da wuya a nuna kaye guda a ce nan ne ya tsaya. Abin da takardun suka tabbatar ya fi wannan hukunci ƙanƙanta, ya kuma fi shi amfani: duk wanda ya ce salon Sony kaza ne, yana kafa hujja da bugun 1981 kaɗai, to, salon hannu biyu yake aunawa, yana jingina shi ga mutum ɗaya.

Kuskure ko ƙirƙira

A nan ne zancen ya shigo gonar ilmin harshe sosai. Sony ya shahara da lanƙwasa Faransanci: yakan ƙera kalmar da ba ta cikin ƙamus, yakan ba fi'ili karɓau ɗin da nahawu bai ba shi ba, yakan haɗa kalmomin da ba su saba zama tare ba. To, mai buga keken rubutu ko mai gyara a Faris, in ya ci karo da siffar da bai sani ba a rubutun wani malamin makaranta daga Kwango, me zai ɗauke ta? Abu uku take iya zama. Ko dai santsin alƙalami ne, ko ƙirƙira ce da gangan, ko kuwa ginin Kikongo ne ko Faransancin titunan Barazabil ya ɓullo a ƙarƙashin jimlar. Na farko ya halatta a gyara. Na biyu da na uku in an gyara su an yi ɓarna. A ido kuwa dukansu kama ɗaya gare su, watau kamar kuskure.

Hanyar rarrabe su ita ce wadda ɗabi'ar Sony ta tanada da kanta. Siffar da ta fito sau ɗaya a kaye guda, ta ɓace a na gaba, mai yiwuwa santsi ce. Wadda ta dawo a kaye na biyu da na uku, bayan an sake rubuta komai daga farko, niyya ce. Ashe yawan zubin da ke wahal da mai ajiya shi ne ma'aunin mai nazarin harshe. Amma wannan ma'auni yana aiki ne kawai in an adana kowane zubi yadda yake, ba a daidaita shi da ɗan'uwansa ba, ba a kuma yar da shi don an sami wanda ya fi shi tsabta ba.

Wanda ya taɓa shirya matanin Hausa don bugu ya san wannan mararraba. Tun daga taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa, kuma ba mai musun amfaninsa ga littafin koyon karatu. Amma in mutumin Adar ya rubuta hwara inda daidaitacciyar Hausa ke da fara, ko shina a madadin yana, ko ɗiya a madadin ƴa, mai gyara ya mai da su yadda aka saba ba tare da ya faɗa ba, sa'an nan takardar asali ta tafi wajen mai ƙosai, to, an sami littafi mai sauƙin karatu, an kuma rasa shaidar karin harshe wadda ba a sake samunta. Malaman da suka yi aiki a kan rubuce-rubucen ajami, irin waɗanda ke ajiye a cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Yamai, tarin da Boubou Hama ya aza harsashinsa, sun daɗe da sanin cewa ba a yar da kwafi don an sami wani, gama saɓanin masu kwafa shi ne ke nuna hanyar da waƙa ta biyo. Rubutun boko, don yana da ƙuruciya kuma a kayen lakwal yake, ba a cika yi masa wannan kara ba.

Waƙa, da abin da dandali ya cinye

A 2015, cikar shekara 20 da rasuwarsa, maɗaba'ar hukumar binciken kimiyya ta Faransa ta fitar da bugun nazari na waƙoƙinsa, shafi fiye da 1000, aikin rukunin masu nazarin rubutun hannu na cibiyar ITEM ta Faris, a ƙarƙashin Claire Riffard da Nicolas Martin-Granel, tare da Céline Gahungu. Mafi yawan abin da ke ciki bai ga maɗaba'a ba a zamanin mai shi. Mutumin da duniya ta sani da labari da wasan kwaikwayo, ashe tun farko waƙa yake zubawa kaye bayan kaye, masu bugu ne ba su karɓa ba. Jerin littattafan marubuci, in an duba, rabinsa tarihin abin da kasuwa ta yarda da shi ne. Littafin da Gahungu ta fitar a 2019 a kan shekarun koyonsa ya ƙara fito da wannan fili.

Ɓangaren wasan kwaikwayo shi ne inda takarda ta fi gazawa. An buga wasanninsa da dama, wasu yana raye, wasu a maɗaba'ar Lansman ta Baljiyam, wasu kuma sai a 2015. Amma wasan da Rocado Zulu ta yi a dandali, alal misali wanda Daniel Mesguich ya tsara a 1986, ya bi ta bakin ƴan wasa da kwanakin gwaji, an ƙara, an rage, an sa kiɗa da rawa. Rubutun wasa iri ne, ba amfanin gona ba. Taskar da ke da kayen marubuci amma ba ta da kwafin da ƴan wasa suka riƙe, da faifan murya, da hotuna, rabin shaida gare ta. Wannan ya fi tsanani ga wasan Hausa na Nijar, wanda kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987, ƙashin labari kawai ake shiryawa, maganar kuwa a dandali ake ƙirƙirarta. A can faifan rediyo shi ne rubutun hannu.

Inda takardun suke

Wani kashi na takardun Sony ya sami masauki a ɗakin karatu na birnin Limoj, garin da ya karɓi wasanninsa yana raye, an kuma ɗauki hotunan wasu daga ciki an sa a intanet. Ba wanda zai raina wannan aiki, gama da ba a yi shi ba da ba a yi wannan maƙala ba. Sai dai tsarin da ya rage littafin a 1981 shi ne ya cika shi a 2005: a Faris aka yanke, a Faris aka mayar. Kundin shafi 1000 na ɗakin karatun jami'a ne, ba na aljihun ɗalibin Makelekele ba, hoton intanet kuma sai mai wuta da layi.

Akwai kuma aikin da nisan nan ke jinkirtawa. Rukunin na ITEM ya yi aiki a kan takardun mawaƙin Madagaska Jean-Joseph Rabearivelo, inda Malagasi da Faransanci ke zaune gefe da gefe a shafi guda, mai nazari yana ganin harsunan biyu da idonsa. A labaran Sony harshe guda ne a sarari. Na biyun, wanda ya fara karatu da shi har ya kai shekara 12, a ƙarƙashin jimla yake, kuma ba ya bayyana sai ga wanda ya sha shi a nono. Ga Machin la Hernie, ga L'État honteux, duka biyu a buge. Abin da ya rage shi ne mai nazarin harshe da ya iya Kikongo da Faransancin Barazabil ya jera su jimla da jimla, ya ware wuraren da aka cire da waɗanda aka sauya, ya ƙidaya nawa ne daga cikinsu maimaici, nawa ne batsa, nawa ne siyasa, nawa ne kuma ginin harshen gida da kunnen Faris bai ji ba.